Gonar Baba da takardar Landan

Ranar wata Talata saƙon ya shigo, ina tsakiyar darasi da 'yan aji biyu na babbar sakandare, ina zana musu a allo yadda haske ke karkacewa idan ya shiga ruwa. Na ji wayar ta girgiza a aljihu, ban duba ba sai da aka kaɗa ƙararrawa. A ɗakin malamai na buɗe imel ɗin, ƙurar alli ba ta ma bar yatsuna ba. Kwalejin Imperial da ke Landan ta ba ni gurbin digiri na biyu, na shekara ɗaya, a fiziks na nazari zalla, kwas ɗin da ake karanta kwantam, wato ƙa'idar mafi ƙanƙantar ƙwayoyin halitta, da ƙarfafan da ke riƙe da halitta. Sau uku na karanta. Na zagaya bayan ajujuwa, gindin wata darbejiya, na yi sujadar godiya a kan yashi. Sai da na dawo na zauna, na sake bi layi-layi a natse, sannan idona ya tsaya a kan abin da na riga na sani tun ranar da na cike takardar nema: gurbi ne kawai, babu tallafin ko kwabo.

Yau mako biyar ke nan. Barcina bai dawo daidai ba sai shekaranjiya.

Inna na fara faɗa wa, bayan magariba. Ta yi hamdala, ta sa min albarka, sannan ta ce, "To Auta, idan ka gama wannan me ka zama ke nan? Likita ko injiniya?" Na ce ba ko ɗaya. Na ce mata aikin nan ba shi da inji, ba shi da ɗakin gwaji, alli ne da allo da takarda. Akwai masu gwaji, su ke gina manyan na'urori su auna. Namu kuma shi ne mu zauna da lissafi mu nemo ƙa'idar da Allah ya ɗora abubuwa a kai, mu ce wa masu gwaji idan ƙa'idar nan daidai ce, ku duba wuri kaza za ku tarar da abu kaza. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Irin malaman hisabi da falaki na da." Na ce da ɗan kama, Inna. Ta ce Allah ya sa akwai alheri a ciki.

Ni ban shigo wannan fanni da wuri ba. Takardar malanta na fara yi, na koyar, na yi aure, sannan na koma jami'a. Ina aji uku aka shiga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Abokaina wasu suka shiga kasuwa, wasu suka koyi ɗinki. Ni da safe ina shagon Yaya, da dare kuma ina sauke darussa a waya, domin akwai manyan malamai a Ingila da Amurka da suka saki bayanan darussansu kyauta a intanet. A nan na ci karo da abin da ya kama ni har yau. A 1928 wani Bature ɗan shekara 25, Paul Dirac, ya rubuta layin lissafi ɗaya don ya daidaita kwantam da ƙa'idar Einstein a kan ƙwayar lantarki, wato ilektaron. Lissafin ya fito da amsa biyu. Ɗaya ilektaron ɗin da aka sani, ɗayar kuma wani abu da babu wanda ya taɓa gani. Bai share amsa ta biyun ba. A 1931 ya fito fili ya ce lallai akwai wata ƙwaya mai nauyin ilektaron amma cajinta kishiya ne. A 1932 Carl Anderson ya ga sawunta a hoton na'urarsa a Kalifoniya. A daren da na bi lissafin nan da hannuna, a littafin aji mai shafi tamanin, na ga amsa ta biyun ta fito a gabana kamar yadda ta fito masa, sai da tsigar jikina ta tashi. Mutum yana zaune a ɗaki da fensir, amma halitta ta amsa masa. Tun daga wannan dare ban sake son wani aiki kamar wannan ba.

Shi ya sa ba da ka na nemi Imperial ba. Duk abin da muka sani yana motsi ko yana manne da ɗan'uwansa, ƙarfi huɗu ne ke bayansa. Akwai wanda ke jawo mangwaro ƙasa, shi ne kuma ke riƙe da wata a falakinsa. Akwai na lantarki da maganaɗisu, wanda haske ma daga gare shi yake. Akwai mai tsanani, da ke ɗaure cibiyar ƙwayar zarra. Sai mai rauni, wanda ba don shi ba da rana ba ta ci wutarta ba. Da can ana ɗaukar lantarki daban, maganaɗisu daban, sai gwaje-gwaje suka fara nuna alaƙarsu, Faraday ya ƙara tabbatar da ita a 1831, Maxwell kuma ya haɗa su a lissafi ɗaya a shekarun 1860, kuma dukansu biyu a Landan suka yi wannan aiki. Bayan ƙarni guda, Abdus Salam, ɗan Pakistan, wanda ya kafa sashen nazari na Imperial a 1957, ya nuna cewa ƙarfin lantarki da mai raunin nan asalinsu ɗaya. Shi da Weinberg da Glashow suka raba kyautar Nobel ta 1979 a kan haka, kuma a 1983 aka gano ƙwayoyin W da Z da lissafinsu ya yi alkawari, a cibiyar CERN da ke Janiba. A wannan sashe ne Tom Kibble da abokan aikinsa biyu suka rubuta ɗaya daga cikin takardun 1964 da suka yi bayanin yadda ƙwayoyi ke samun nauyi, abin da aka tabbatar ranar 4 ga Yuli 2012 da gano ƙwayar Higgs. Babban ɗakin karatun kwalejin ma yanzu sunan Salam yake ɗauke da shi. Wanda ya shekara uku yana karanta aikin mutanen nan a hasken fitilar caji, aka ce masa zo ka zauna a ɗakunan da suka koyar, ba sai an tambaye shi ko yana so ba.

Sai lissafi na biyu, wanda ba ya buƙatar kwantam.

Kuɗin makaranta ga ɗalibin waje ya haura fam dubu talatin nesa ba kusa ba. Kafin a ba ka biza, gwamnatin Birtaniya tana so ta ga kuɗin zaman Landan a asusunka, a tsakiyar 2025 fam 1,483 ne a kowane wata har na wata tara, wato fam 13,347, kuma sai sun kwana 28 a jere a asusun ba a taɓa su ba. Kuɗin bizar a lokacin fam 524 ne. Kuɗin lafiya fam 776 a shekara. Ga gwajin tarin fuka, ga tikitin jirgi, ga kayan sanyi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 darajarta ta zube, a 2025 fam ɗaya yana wajen naira dubu biyu. Na tara, na ninka, na sake tarawa ko na yi kuskure. Abin ya doshi naira miliyan ɗari, ko ma ya ɗan haura. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu saba'in ne, nawa kuma bai ninka shi biyu ba. Ko da ban ci ba, ban sha ba, ban saya wa 'yata ko takalmi ba, albashina na shekara hamsin ba zai biya wannan shekara ɗayar ba.

Da a nan maganar ta tsaya da ta zo da sauƙi, mutum ya yi haƙuri ya rufe imel. Yaya ne ya sa ta yi nauyi.

Muna da gona da Baba ya bari, Allah ya ji ƙansa, a bakin gari ta hanyar Daura. Lokacin da ya saye ta daji ne, yanzu Katsina ta bi ta, gine-gine sun kusa kewaye ta, dillalai kuma sun daɗe suna zarya suna so a yanka ta fuloti. Mu shida ne muke da gado a ciki, maza biyu mata huɗu, ba a raba ba, saboda Inna ta ce a bar ta tana raye. Daga cikinta ake samun gero da wake da gyaɗar da ke kai gidajenmu rabin shekara. Kwana uku bayan na nuna masa takardar, Yaya ya kira ni shago bayan isha'i, ya rufe ƙofa rabi, ya ce, "Auta, na yi magana da dillali. Abin da ya faɗa zai biya kuɗin makarantar. Sauran zan cire daga jari, mu nemi rance mu cike. Ni zan shawo kan Inna da 'yan'uwanka." Na ce, "Yaya, gonar Baba fa." Ya ce, "Baba da kansa zai sayar da ita a kan karatu. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san ba kullum ake kiran ɗan gidanmu Landan ba."

Ban iya ba shi amsa ba a daren. Na koma gida da ƙafa don in samu damar yin kuka ba wanda ya gani. Mutumin nan shi ya biya min kuɗin jarrabawa, shi ya saya min kwamfutar hannu ta farko, shi ya tsaya min a aure. Bai san mene ne kwantam ba, amma ya yarda da ni har zai taɓa jarin da yake ciyar da 'ya'ya bakwai da shi.

Abin da Yaya bai sani ba, kuma wajibi ne a kaina in sanar da shi, shi ne yadda hanyar nan take. Shi a ganinsa mutum ya je Landan shekara ɗaya, ya dawo da takarda, ya samu babban aiki, ya mayar da gonar har da riba. Da likitanci ne ko harkar man fetur ko kwamfuta, da wataƙila haka ne. A fiziks na nazari digiri na biyu ƙofa ce kawai ta shiga digirin digirgir, wanda ke cin shekara uku da rabi zuwa huɗu a Ingila, biyar ko fiye a Amurka. Bayan shi sai aikin bincike na wucin gadi, shekara biyu nan, uku can, yau Jamus gobe Japan, kafin mutum ya samu kujera ta dindindin, kuma kujerun ba su da yawa, masu nema kuwa daga ko'ina a duniya suke. Da yawa daga cikin masu hazaƙa suna barin fannin su koma bankuna da kamfanonin kwamfuta. Wannan hanya ce mai kyau ga mai so, kuɗi na can. Amma in don in ƙare a banki ne, ba sai na bi ta gonar marayu ba, kuma ba shi ne abin da ya hana ni barci a 2022 ba.

Akwai kuma wani abu da sai da na bi kalandar kwas ɗin na lura da shi. Ana fara karatu a Oktoba. Neman gurbin digirin digirgir mai tallafi yawanci ana rufe shi tsakanin Disamba da Fabrairu, wato wata uku ko huɗu da saukata, kafin manyan jarrabawa, kafin malamai su san ni sanin da za su rubuta min wasiƙar shaida mai ƙarfi. Tallafin gwamnatin Birtaniya na bincike an buɗe wa ɗaliban waje tun 2021, amma ba a yarda su wuce kashi 30 cikin ɗari ba. Ma'ana watannin farkon nan su ne komai. Wani abokina da ke Ingila ya ce kada in damu, ɗalibi yana da izinin aikin awa ashirin a mako, shi ma aikin kula da tsofaffi yake yi yana biyan haya. Na gode masa, amma na san kaina kuma na san abin da ke cikin kwas ɗin. Wanda ya kwana a tsaye yana aiki ba zai zauna da safe ya bi lissafin filayen kwantam kafaɗa da kafaɗa da yaran da suka fito daga Kambirij da Oksfod, waɗanda ba su da wani tunani sai karatun. In na je da bashin miliyoyi a wuya, ina aikin dare, na fito da sakamako tsaka-tsaki, to na rasa gona, na rasa ƙofar da na sayar da gonar dominta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai ɗakina ba ta ce komai ba kusan mako biyu, tana dai kallona ina juye-juye. Ran nan tana tsince shinkafa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, shekara ɗaya ce, ko farkon shekaru ne?" Na ce farkon shekaru ne. Ta ce, "Da mu ko ba mu?" Na faɗa mata gaskiya: tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na aji tafiya da iyali, sai masu karatun bincike. Shekarar farko dai ba su. Ta ce ita ba za ta tare min hanya ba, za ta koma wajen Inna da yarinyar, Allah ya ba da sa'a. Sai ta ƙara da cewa, "Amma in za ka tafi, ka tafi da kuɗin da ba za a riƙa kallona da shi a gidan biki ba." Na gane abin da take nufi. Yayyena mata huɗu, biyu daga cikinsu mazansu ba masu ƙarfi ba ne, ɗaya mijinta ya rasu. Za su yarda a sayar, don ba za su iya ce wa Yaya a'a ba, kuma suna sona. Amma duk daminar da ta zo babu geron gonar Baba a rumbunsu, ita ce za ta zauna a cikinsu, ni ina can.

Kada a ɗauka ina kushe Landan don ban samu zuwa ba. Ina son garin tun ban gan shi ba. Na bi titunan unguwar South Kensington a taswirar waya har na san inda gidan tarihin kimiyya yake da inda ake shiga lambun Hyde Park. Gari ne mai mutum kusan miliyan tara, akwai babban masallaci a Regent's Park da wani a Whitechapel, akwai Peckham inda 'yan Najeriya ke samun garin rogo da manja. Abin da ya fi ja na shi ne jami'o'i da yawa a gari ɗaya: Imperial, King's, Queen Mary, UCL, kowace da masana nazari, mutum ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya je ya saurari laccar wanda jiya ya karanta takardarsa. Tsoron da nake ji shi ma na gaske ne. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su taru a cikin awa huɗu. Abokina ya ce ɗaki ɗaya a gidan haɗaka yana cinye masa fiye da rabin kuɗin watan da gwamnati ta ƙiyasta, kuma ya yi wata shida bai san sunan maƙwabcinsa ba. Ni da na saba in fito ƙofar gida a yi gaisuwa goma kafin in kai bakin titi. Amma waɗannan duk zan iya jurewa. Ba sanyi ne ya tsayar da ni ba.

A mako na uku na hau mota na je wajen malamin da ya koyar da mu kwantam a jami'a, shi ne ma ya rubuta min wasiƙar shaida. Na tarar da shi a ofis yana duba takardun jarrabawa. Na zayyana masa komai, har maganar gona. Bai ce je ka ba, bai ce kada ka je ba. Ya ce, "Idan lissafi ya tsaya maka, wa kake tambaya?" Na ce, "Babu kowa, Malam, sai in na zo nan." Na ba shi labarin wani lissafi da ya riƙe ni wata uku bara, amsa tana ta fitowa ba iyaka, na ɗauka ban fahimci ƙa'idar ba ne gaba ɗaya, ashe alamar ragi ɗaya na juya tun a shafi na biyu. Ya ce wanda ke da abokin allo minti goma zai yi a kan wannan. Ya ce takardun bincike yanzu kowa na samu, tun da aka buɗe rumbun arXiv a 1991 abin da aka rubuta jiya a Amurka yau yana wayarka kyauta. Abin da waya ba ta bayarwa shi ne mutumin da zai tsaya kusa da kai ya ce a'a, duba nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sannan ya tuna min da ɓangaren tarihin Salam da na sani amma ban taɓa ɗora shi a kan kaina ba. Salam ya gama a Kambirij ya koma gida Lahore a 1951 da niyyar zama. Ya tarar babu mujallun bincike, babu wanda zai yi magana da shi a kan aikinsa. A 1954 ya tattara ya koma Ingila, kuma abin ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa, cewa an tilasta masa zaɓi tsakanin ƙasarsa da iliminsa. Don kada na baya su shiga wannan hali ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta duniya a Trieste da ke Italiya a 1964, wadda ake kira ICTP. Ƙaramin gari ne a bakin teku, mutanensa wajen dubu ɗari biyu. Tun 1991 cibiyar tana da kwas na shekara ɗaya domin ɗaliban ƙasashe masu tasowa, an tsara shi ne musamman don shirya su shiga digirin digirgir, kuma waɗanda aka ɗauka ana biya musu tafiya da kuɗin zama. Malam ya taɓa zuwa can taro. Ya ce, "Mutumin da kake son zama a sashensa a Landan, ai ya gina wa irinka gida a wani wuri. Ka ƙwanƙwasa can tukuna."

Ya lissafo min wasu. Akwai cibiyar lissafi ta AIMS da Neil Turok ya kafa a Muizenberg kusa da Kef Tawun a 2003, yanzu tana da rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, kuma ɗalibanta ba sa biya. Akwai reshen ICTP a Kigali. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Afirka a Abuja, tana da sashen fiziks na nazari. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, sai dai ka nuna yuro 11,904 na zaman shekara, wanda duk da nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na lissafin Landan ba. A Amurka kuma ana shiga digirin digirgir kai tsaye daga digiri na farko, ana biyan ɗalibi albashi yana taimakawa da koyarwa. Duk na san da su sama-sama, amma idona ya rufe a kan wuri ɗaya, na bari lokacin neman Trieste da AIMS ya wuce a farkon shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan kuskurena ne, kuma ya ci min shekara.

A mota ina dawowa na riƙa tunanin wani ɗan garinmu. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, masanin lissafi da falaki, irin malaman da Inna ta ambata. Ya bar Katsina ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, babban birnin ilimi na zamaninsa. A 1732 ya rubuta aikinsa a kan hatimin lissafi, wato murabba'in da kowane layi nasa ke ba da jimla ɗaya, ya bayyana hanyoyin gina waɗanda adadin layinsu mara ne, kamar uku ko biyar. A Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Duk lokacin da na wuce hasumiyar Gobarau yakan faɗo min a rai. Fita neman ilimi zuwa babban birni ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun gada. Amma shi bai dawo ba, littattafansa ma a can suka zauna. Ina alfahari da shi, ina kuma jin wani abu a ƙirji idan na tuna cewa yaran da nake koyarwa, 'yan garinsu, ba su taɓa jin sunansa ba sai daga bakina.

Na duba manyan tallafin Birtaniya ma. Chevening tana neman wanda ya yi aikin shekara biyu, wannan ina da shi, amma masu shirin jagoranci take nema. Na ƙungiyar Commonwealth kuma an ɗaure shi da ci gaban ƙasa, sai ka bayyana yadda karatunka zai amfani al'umma. Na san amsoshin da ake bayarwa, kuma gaskiya ne: kishiyar ilektaron ɗin Dirac yau da ita ake ɗaukar hoton cutar daji a asibiti, na'urar nuna hanya da ke wayoyinmu ba za ta yi daidai ba sai an gyara agogon tauraron ɗan'adam da ƙa'idar Einstein, shafukan intanet a CERN aka ƙirƙiro su a 1989. Sai dai babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya fara aikinsa don wannan amfanin. Idan na zo cike takardar zan rubuta abin da na yi imani da shi: ina so a wayi gari akwai wuri a arewacin Najeriya da yaro zai kawo lissafin da ya tsaya masa ya samu wanda zai tsaya da shi a allo, kuma ina so in zama ɗaya daga cikin masu tsayawar. Ko masu tantancewa za su kira wannan ci gaba, nasu ne.

Na yi istihara kwana bakwai. Ban yi mafarki ba, amma kullum na tashi sai in ji maganar sayar da gonar ta ƙara yi min nauyi, maganar jira kuma ta ƙara sauƙi.

Shekaranjiya na je shago na zauna da Yaya. Na zana masa hanyar duka a bayan wata takardar rasit, shekara ɗaya, sannan huɗu, sannan biyu da uku, na nuna masa inda kuɗi ke shigowa da inda ba sa shigowa. Na ce, "Yaya, na gode, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Amma a bar gonar. Idan karatun nan rabona ne, akwai masu biya, zan neme su." Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Ba don kana jin nauyina ba ne?" Na ce har da shi, amma ba shi kaɗai ba. Ya ce, "In suka ƙi jiranka fa?" Na ce to sai in sake nema, ko in tafi inda aka karɓe ni. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai kira dillalin.

A daren na rubuta wa kwalejin, na gode musu, na faɗi halin da nake ciki ba ɓoye-ɓoye, na roƙi a ɗaga min gurbin zuwa baɗi don in nemi tallafi. Da na danna aikawa hannuna yana rawa, domin na san mai yiwuwa ne ƙafata ba za ta taɓa taka wannan sashe ba, kuma ina son sa har yanzu kamar ranar da na yi sujada a gindin darbejiya. Na buɗe sabon littafi na rubuta ranakun da ake buɗe neman Commonwealth da Trieste da AIMS da jami'o'i uku a Jamus. Malam ya yarda in riƙa zuwa wurinsa kowace Asabar ta biyu, mu ɗauki babi ɗaya mu bi a allo, ya ce akwai wani ɗalibinsa ma da zai haɗa mu.

Amsar Landan ba ta zo ba tukuna. Daren jiya an yi ruwa mai yawa, irin na shuka. Da asuba Yaya ya bugo ya ce in nemo irin gero wajen mijin Yaya Babba, Asabar ɗin nan ba ta zuwa wajen Malam ba ce, da sassafe za mu fita gona.